Jan wasali a ajamin ordinatair: sai an ba shi lambarshi daban?

Issoufou: Salamu alaikum jama'a. Polis ɗin ajami mai launi (wato zanen haruffa na ordinatair) da nike haɗawa nan Tawa ta kusa ƙarewa, baƙi da baƙar tawada, wasali ja, hamza ruwan ɗorawa, ɗigon alif na wasli tsanwa kamar yadda malammanmu ka rubuta da hannu. Na yanke shawara kowace alama mai launi in ba ta lambarta daban cikin PUA, wato filin da Unicode, tsarin da ka ba kowane harafi lambarshi a na'ura, ta bari ma kowa ya yi abin da ya ga dama, daga U+E000 har U+F8FF, gurbi 6400. In ba haka ba launin ɓacewa zai yi.

Ramatou: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari amma wallahi ban yarda ba. Fataha tana da lambarta U+064E, in ka yi mata wata don kawai ta zama ja to ordinatair ba ta san fataha ce ba kuma, ka nemi kalma cikin rubutu ba ka samu, ka tura ma wani a WhatsApp akwati-akwati zai gani tunda wayarshi ba ta da polis ɗinka.

Issoufou: Ai gwaji ne ƙanwata, kuma don gwaji anka aje PUA. Emoji ma daga nan sunka taso, SoftBank a Japan cikin PUA ta zuba nasu.

Abdoulaye: Yawwa misalin nan da ka kawo shi ne hujjar Ramatou. Kowane kamfanin waya a Japan da nashi tsari, saƙo ya fita daga wannan reso zuwa wancan sai an juya shi, wani zubin ma ya iso a gurɓace. Sai 2010 da Unicode 6.0 ta ba su lambobi na kowa da kowa sannan abin ya zauna. Har gobe tambarin Apple yana U+F8FF, tura shi ma mai Android ka gani.

Malam Sani: Ku yi haƙuri yara ni ban san lambobinku ba, amma Issoufou na da magana. A Alƙur'ani na hannu launi ba ado ba ne. Alif ɗin da ba a rubuta cikin rasmu, wato asalin rubutun mus'hafi, ba da ja ake ƙara shi don mai karatu ya san ƙari ne, hamzar yanke da ta wasli ma launi ne ka raba su ga ido. In na'ura ta maida komi baƙi an rage wani abu daga ilimin.

Ramatou: Allah shi gafarta malam gaskiya ne, amma bambancin nan yana cikin lambobin tun asali. Ƙaramin alif lambarshi daban U+0670, ba ɗaya ba ne da babban alif, alif na wasli ma U+0671. Ko da baƙi anka buga ma'ana na nan. Aikin polis ne ta ce duk inda wannan lamba ta fito a zana ta da ja, kuma akwai hanya, teburin COLR da CPAL da Microsoft ta kawo tun Windows 8.1 a 2013, Chrome da Firefox duk suna karanta shi. Inda ba a iya launi sai ya fito baƙi amma ya karantu.

Moussa Yamai: ni dai abin da na gani da idona a imprimri shi ne tsoffin takardun hausa da anka buga kafin unicode, lokacin da kowa ka ɗora ɓ ɗ ƙ ƴ a wurin wasu alamomi cikin polis ɗinshi, yau ka buɗe fishiye ka tarar da shirme sai an bi kalma kalma an gyara, littattafan yaƙi da jahilci da yawa haka sunka zama, don Allah kar mu sake ma ajami wannan wahala yanzu da anka samu fa da ƙaf da nun na warshu sun shiga a 2016 kuma ga polis ɗin Alkalami da Harmattan na ƙungiyar SIL suna aiki da lambobi na gaskiya

Issoufou: To na ji batun wasali. Amma kuri da kumsa fa, alamomin cikar aya goma da aya biyar, da zayyanar da ake yi a gefen shafi wurin sujada da sumuni yadda ake zana su a ƙasar Hausa? Na bi jerin ban ga gurbin kuri da kumsa ba.

Abdoulaye: Kuri da kumsa kam sa su PUA, abin da babu shi a jeri shi ne nata. Sai dai ka rubuta takarda ka ce lamba kaza kuri ce, kaza kumsa ce, ka raba ma duk mai haɗa polis don kar kowa ya zaɓi tashi. Ƙarshen aya kuma U+06DD na nan, zana mata ƙwallaye ukun nan ja da ɗorawa.

Ramatou: Ni ko su ma da so samu ne a tara hotunan rubuce-rubucen hannu a kai buƙata ga Unicode, haka haruffan warshu sunka shiga.

Issoufou: Wannan shekaru yake ɗauka, ni kuma makarantar allo biyu na jiran bugun gwaji. Zan mayar da wasali da hamza lambobinsu, kuri da kumsa su zamna PUA tukuna.

Malam Sani: In ka buga shafin farko kawo mini in duba, ɗigon tsanwa nan ne masu na'ura ka yawan ajewa ba daidai ba.