Kututturen darbejiya ya hana ni kafa harsashin ɗaki, wa ya san mafita?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Bara da kaka muka sare darbejiyar tsakar gidanmu, wadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya dasa tun ina yaro. Ba da son raina ba, saiwarta ce ta tsaga bangon ɗakin Inna. Mai injin yanka ya bar mana kututture iya gwiwa, faɗinsa ya fi bakin turmi. Yanzu a daidai wurin nake son yi wa ƙanena ɗaki kafin bikinsa bayan babbar salla, amma abin ya ƙi mutuwa. Da na sassabe tofon, sai wani ya fito.

Ranar Asabar ni da yara biyu muka yini a kansa da gatari da diga. Ƙotar gatari ta karye, tafin hannuna ya yi bororo, ko gezau bai yi ba. Na ga bidiyo a Facebook na wani inji da ke niƙe kututture cikin ɗan lokaci. Ana samun hayarsa a Kano ko Dutse? Wani kuma ya ce in huda shi in ɗura baƙin mai da gishiri. Rijiyarmu dai taku goma ce daga wurin.

Mai Walda:
Wa alaikumus salam Malam. Injin nan faifan ƙarfe ne mai haƙora masu tauri, yana juyawa da ƙarfi yana gwaguyar itacen daga gefe zuwa gefe har ya koma kamar dusar katako. Yawanci santimita 15 zuwa 30 yake sauka ƙarƙashin ƙasa. A Amurka da Ingila hakan ya ishe su, don ciyawa za su shuka a kai. Kai kuwa gini za ka yi. Manyan saiwoyin suna nan kwance, in sun ruɓe ƙasa ta lotsa, daɓe ya tsage. Ga gara kuma, ka ajiye mata abinci a ƙarƙashin gadon amarya. Ko ka samu injin, kuɗin ɗauko shi zuwa Ringim zai iya fin ladan masu tono.

Baba na Gumel:
Ɗana, kai da kututturen kake faɗa, alhali ƙarfinsa yana ƙasa. Bar saran kansa. Da magariba ka kwarara ruwa kewaye da shi, ya kwana yana tsuma ƙasa. Da safe ku ja baya kamar taku biyu, ku tona rami zagaye. Duk saiwar da ta bayyana, a share mata ƙasa tas kafin gatari ya taɓa ta, domin yashi ne ke cinye kaifi. A sare ta wuri biyu, a cire guntun tsakiya a jefar. Haka za ku bi su ɗaya bayan ɗaya, sai uwar saiwa ta rage a tsakiya. Ita da dagi ake shiga mata ta ƙasa. In ya fara girgiɗi, a ɗaura igiya mai kauri, shanun huɗa su ja, kowa ya kauce daga layin igiyar.

Da mai yankan ya bar shi iya ƙirji, da kun samu abin kamawa kuna rinjayarsa. Nan gaba ka tuna.

Baƙin mai kuwa, don Allah kada ka kuskura. Ruwan damina na iya kai shi inda kuke ɗiban ruwan sha. Gishiri kuma ƙasar yake kashewa. Wuta ma ba na so. Ɗanyen kututture ba ya ci, busasshe kuma in aka tara masa kashin shanu yakan kwana uku yana ci ta ciki babu harshe. Da idona na ga yadda iskar hunturu ta tayar da irin wannan wuta cikin dare, ta kama danga, ta lashe rumbun geron maƙwabcina. Dattijon yana tsaye da bokiti a hannu, hawaye na zuba, bai ce uffan ba.

Bayan an cire, a cike ramin da marmara kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daɓewa.

Malama daga Maigatari:
Na gida kam a cire shi. Amma masu karatu, kada ku ɗauki wannan ku kai gona. Maƙwabtanmu na Maraɗi tun shekarun 1980 suke abin da suke kira sassaben zamani: kututturen gawo ko kalgo in ya yi tofo, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran. Da yake tsohuwar saiwa na nan, girmansa ya fi na dashe sauri. Gawo kuma da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa.

Ɗan Ringim:
Allah ya saka da alheri. Baba, na yi magana da mai shanu, Laraba za mu tona in sha Allahu. Malama, kin taɓa ni: akwai kututturen gawo biyu a gonarmu ta gabas da na yi niyyar ƙonewa bana. Gobe zan je in duba tofonsu. Wane wata ya fi dacewa a yi wannan sassaben?