Starcaster: fanko ce ko ba fanko ba?

Mai Jita, Birnin Kebbi: Abin nan yana ci mini rai. Fender, mai ƙera jita, ta fito da jitar lantarki Starcaster a 1976, farkon shekarun 1980 ta daina ƙera ta, har yau ba a yi mata adalci ba. Fikof (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya) biyu na Wide Range ƙirar Seth Lover, maɓallai biyar har da na ƙara gaba ɗaya, tsirkiya inci 25.5. Cikin jitocin fanko babu kamarta, ko ES-335 ta kamfanin Gibson.

Ɗan Zuru: Malam, fanko fa ka ce? Akwai dunƙulen katako a tsakiyarta, a kansa gada (inda tsirkiya ke hawa) take zaune, ta cikinsa tsirkiya take bi ta fita baya. Gefe biyu ne kawai rami. Fanko na gaskiya ita ce Casino ta kamfanin Epiphone ko Coronado ta asali ta Fender. Matsa da su kusa da lasifika, ka ƙara murya, su kama ƙugi, don fuskar katakon tana rawa da sautin. Dunƙulen nan ne ke kashe rawar.

Mai Jita: Leƙa ta tsagar gabanta. Rami ne ko ba rami ba?

Kafinta, Argungu: Kwarya ma rami ce, akushi ma rami ne, amma ba ɗaya ba ne. Rabin fanko za ka ce.

Ɗan Zuru: Yauwa Baba. Kuma wuyanta da sukuru uku aka ɗaure, na ES-335 da gam.

Kafinta: A nan kam ban bi ka ba, yaro. Hunturu na busar da katako, sukuru ya saki, wuya ya goce, tsirkiyar gefe ta faɗo daga baki. Sassauta ukun, daidaita wuyan, ka ɗaure, shi ke nan. Na gam in ya tashi, aikin kwanaki ne.

Ɗan Zuru: To me ya sa da aka dawo da ita a 2013 aka sa sukuru huɗu?

Kafinta: Ita ma ta 2013 ɗin an cire mata maɓalli na biyar. Ci gaba ne shi ma?

Mai Jita: Ku 'yan Gibson kullum haka kuke.

Ɗan Zuru: Ni Epiphone na ambata, Malam.

Shugaban zaure: Na bi maganar duka. An tabbatar Starcaster rabin fanko ce, kuma wuyan sukuru ya fi dacewa da hunturunmu, kamar yadda Baba ya bayyana. Ɗan Zuru bai kawo hujja a kan sukuru huɗu ba.