Muhawara: gudu da ɗaga ƙarfe ne ke yin saje?

Ɗan Sabon Gari: Jama'a ni fa wannan tsarin na sojan ƙasa na Amurka ban yarda da shi ba. Wai in za a ba mutum igiyar saje maki ake tarawa har 800, kuma lokacin ACFT, wato gwajin ƙarfin jikin sojojinsu, har maki 120 a ciki daga wannan gwajin yake fitowa. Kenan yaro mai ƙafa zai wuce wanda ya fi shi sanin aiki don kawai ya riga shi gama mil 2. A bar shi a ci ko faɗuwa mana, ka haye ka haye shikenan

Baba Kofur: Yaro da gani ba ka taɓa ɗaukar ɗan uwanka da aka harba a kafaɗa ba. Saje shi ne a gaba, in shi ke haki a baya wa kuratan za su bi?

Ɗan Sabon Gari: Allah ya ja da ran Baba, ai ban ce a daina gwajin ba. Cewa na yi kar ya zama kasuwar maki

Malamin Lissafi: Ku tsaya a duba abin da ake gwadawa tukun. Tsohon gwajin da suka fara a 1980 abu uku ne kacal, danna ƙasa da hannu, tashi zaune, sai gudun mil 2, siririn mutum mara nauyi shi ke cinyewa. Da suka koma ACFT ya zama 6, har da ɗaga ƙarfe da jan kaya mai wajen kilo 40 a ƙasa da gudu da ƙarfe biyu a hannu, wannan kam ya yi kama da jan wanda ya ji rauni ko ɗaukar akwatin harsashi. Amma akwai jifan ƙwallo ta baya ta saman kai wanda dabara da tsawo suka fi ƙarfi tasiri a ciki, a 2025 su da kansu suka cire shi suka mayar da sunan AFT. To waɗanda ƙwallon nan ta rage wa maki a baya wa zai biya su?

Anti Nas: Yauwa Malam. Kuma ba kowane soja ne ke kan tudu da bindiga ba, akwai ma'aikacin jinya akwai makaniken jirgi akwai mai zama gaban kwamfuta dare da rana. Wanda ya kwana yana gyaran inji yaushe ya samu lokacin zuwa jim kamar wanda aikinsa kenan

Baba Kofur: 'Yata ranar da aka far wa bariki ba a tambayar waye makanike

Malamin Lissafi: Baba da gaskiyarka, sai dai Anti ma ba ta yi kuskure ba, shi ya sa yanzu suka raba. Masu aikin fagen daga sai sun kawo 350 cikin 500 kuma mace da namiji ma'auni ɗaya, sauran kuwa ana duba shekaru da jinsi. Sannan Ɗan Sabon Gari ka sani makin da ake yanka wa kowane fanni kafin a samu igiya daban ne duk wata, makanike da makanikai yake takara ba da 'yan kundumbala ba

Ɗan Sabon Gari: To ai nan ma matsalar take Malam, makanikai biyu ɗaya gwani ɗaya ɗan tsere, ɗan tseren ya samu igiya, mota ta mutu a hanya sai ya tura ta da ƙafa ko

Anti Nas: 😂😂 Ni inda na yarda da tsanani shi ne zaɓen masu zuwa horo irin makarantar Ranger, can tafiyar mil 12 da kaya a baya cikin awa 3 ce, in jikinka bai kai ba kai za ka karye kuma ka ci gurbin wani. Kristen Griest ma da ke cikin mata biyu na farko da suka gama makarantar a 2015 ta fito ta ce kar a sassauta wa mata a aikin yaƙi. Wannan tantancewa ce. Ƙarin girma kuwa shugabanci ake nema, ya kake da yaranka, ka iya karanta taswira, kana da haƙuri

Baba Kofur: Wanda ya kasa tashi da asuba ya yi wa jikinsa horo ba zai iya horar da mutum goma ba, makin nan ladabi yake aunawa ba ƙafa kaɗai ba. Kuma shi ne abu ɗaya da ba a samu da sanayya, agogo bai san ɗan wane ba. Ku cire shi ku ga yadda rahoton oga zai zama komai, mai kai gulma ofis shi zai riƙa samun igiya

Ɗan Sabon Gari: Kai wannan ta shige ni Baba. Amma duk da haka 120 ya yi yawa, a rage

Malamin Lissafi: An ma rage ne, a tsohon gwajin har 180 ake ba mai neman saje

Anti Nas: Ni tambayata manyan fa? A Satumbar 2025 Hegseth, ministan tsaron Amurka a lokacin, ya tara janar-janar a sansanin soja na Quantico yana musu faɗan tumbi, ya ce kowa sai ya yi gwaji sau biyu a shekara. Baba a zamaninku ka taɓa ganin an hana kanar girma saboda gudu?

Baba Kofur: Wannan kuma sai mun haɗu, ba a rubuce ba