Yatsa ya ƙandare a kan kunamar bindiga: me kuke yi wa sanyin asuba?

Na Bukuru: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Sanyin bana ya sa ni gaba. Asabar ɗin da ta wuce mun fita farauta wajen Toro da ƙarfe 4 na asuba a kan babur, kafin mu sauka hannuna na dama ya zama kamar ba nawa ba. Zabi suka tashi a gabana, ko ɗana bindigar na kasa. Wace irin safar hannu kuke sawa? Ko akwai wata dabara? Kawuna ya ce in daure kawai.

Mai Karnuka: Wa alaikumus salam. Kawunka ya gaya maka gaskiya.

Bazazzagi: Hammata, yaro. Ita ce safar da Allah ya ba kowa kyauta.

Bakano: Ka shiga Katako nan Jos wajen 'yan gwanjo, ka ce a ba ka mai kauri, irin wadda Turawa ke wasan ƙanƙara da ita. Iska ba ta ratsa ta.

Baban Tilde: Ɗana, kafin ka je Katako ka karanta wannan har ƙarshe, ko da ya yi tsawo.

Shekara takwas ke nan, cikin Janairu, lokacin da jaura ke kaɗawa har leɓe ya tsage. Na sayi irin safar da Bakano ke faɗi, baƙa, cikinta da soso, yatsunta kamar ayaba. Na ji daɗinta ƙwarai a kan hanya. Tun kafin kiran assalatu na hau wani dutse da ke kallon rafi, inda na ga sawun gada kwana biyu a jere. Na dura bindiga, na ɗana, na zauna. Awa biyu ban motsa ba. Ba abin da ya zo sai tsuntsaye.

Gari ya fara haske sai ɗan ƙanena ya ɓullo daga ƙasa da karyata ja, kamar yadda muka shirya. Na miƙe zan sauko. Na manta bindiga a ɗane take, wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa. Amma abin da ban sani ba shi ne, yatsana yana cikin zoben nan da ke kare kunama, safar ta cika zoben dam, ni kuwa ba na jin komai, don duk kaurinta hannun ya riga ya mutu da zama. Ƙafata ta zame a kan burji, hannu ya damƙe da kansa, bindiga ta tashi.

Karyar ta taho da gudu tana kaɗa wutsiya, ita ta ɗauka a cinyar baya. Yaron yana gefenta, bai fi taku huɗu ba. Har yau in na rufe ido ina ganin yadda ya tsaya da baki buɗe, toka na sauka a kan hularsa. Na saɓo karyar a wuya har bakin hanya, jininta na bin bayana. Da na isa gida na kasa gaya wa uwar yaron yadda aka yi sai bayan kwana uku.

Abin da nake yi tun daga ranar: safar ulu marar kauri. Ta hagu a yadda take. Ta dama na yanke kan manuni da babban yatsa, matata ta ƙulle bakin da zare don kada ya warware. Hannun dama yana cikin riga, a kan fatar ciki, sai in zan harba yake fitowa. Inda hannun hagu ke riƙe bindiga na naɗe da tsumma na ɗaure da robar tsohon tayar keke, don ƙarfe shi ke tsotse ɗumin hannu. Kuma kafin in ɗana, sai na gwada haɗa babban yatsa da ƙaramin yatsa. In suka ƙi haɗuwa, bindigar tana nan a ƙasa ko da gada ta zo ta tsaya a gabana.

Na Bukuru: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, jikina ya yi sanyi. Allah ya ƙara tsarewa.

Mai Karnuka: Subhanallah. Karyar ta rayu?

Bakano: Allah ya kiyaye gaba, Baba. Amma ni ban ce ya harba da ita ba. Don hanya na ce. In ya sauka daga babur ya cire ya sa a jaka.

Bazazzagi: Ka ji Bakano, ya riga ya sayar, yanzu yana gyara ciniki. Wannan bawan nawa ko zomo bai taɓa kamawa ba, sai dai ya saya a Yankura.

Bakano: Yaushe bawa ya fara magana a gaban ubangidansa? Zo Kano in ba ka suwaita, na san a Zariya buhu kuke rufa.

Malamin Asibiti: Ku bar ni in sa baki, don kowace shekara muna ganin irin wannan. Hannu ba daga hannu yake fara yin sanyi ba. In ƙirji da ciki suka ji sanyi, jiki yana matse ƙananan jijiyoyin da ke kai jini yatsu, ya tara jinin a ciki don ya kare zuciya da sauran kayan ciki. Shi ya sa za ka ga mutum da safa mai tsada amma da riga ɗaya, yana kuka da hannu. Na Bukuru, ka fara da riga uku marasa kauri maimakon ɗaya mai nauyi, hular sanyi da ta rufe kunne, da abin da zai rufe wuya. Wuyan hannu ma kada a bar shi a buɗe tsakanin riga da safa, nan jini ke bi dab da fata. Safar da ta matse kuwa gara babu, tana hana jinin da kake nema.

Kada ka fita da yunwa. Kunun gyaɗa mai zafi kafin ka hau babur, dabino ko ƙuli-ƙuli a aljihu. Taba sigari kuma tana matse jijiyoyin nan da na faɗa, mai busa ta da asuba yana ƙara wa kansa ne.

Sai abu na ƙarshe. In hannu ya mutu, kada a kanga shi a wuta. Fatar ba ta ji, sai ta ƙone ba ka sani ba. Na wanke wa wani dattijo tafin hannu da ya saluɓe a haka, yana ta rantsuwa bai ji zafi ba. A sa a hammata, ko ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa. Mai ciwon suga ya fi kowa bukatar kula da wannan. Wanda kuma yatsunsa ke yin fari fat, su koma shuɗi, sannan su yi ja da zugi, ya zo asibiti a duba shi.

Mai Karnuka: Malam, maganar taba da ni kake, na gane. Shekara talatin ina daji ban taɓa sa safa ba.

Malamin Asibiti: Yaya, kai da gora da karnuka kake fita, gudu kake yi tun safe, jininka na zagayawa. Shi zama yake yi wuri ɗaya. Ba ɗaya ba ne. Maganar taba kuma ban janye ba.

Na Gembu: Ku zo Mambila ku ga sanyi. Mun haura mita 1,500 a nan, Jos ba ta kai mu ba. Mu abin da ke cin mu raɓa ce. Ka ratsa ciyawa minti goma safa ta jiƙe sharkaf, jiƙaƙƙiyar safa kuwa ta fi hannu tsirara sanyi. Biyu nake ɗauka, ɗaya a cikin leda a ƙirji. Sannan dankali. A binne manya biyu a toka tun dare, da asuba a naɗe a tsumma, ɗaya kowane aljihu. Ya kan kai ni har hantsi da ɗuminsa, in ya huce in karya da shi.

Bazazzagi: Wannan ita ce shawara. Safar da ake ci.

Ɗan Lere: Ni gwangwanin madara nake hudawa in zuba garwashi, in rataya da waya. In zauna in sa shi tsakanin ƙafafu.

Baban Tilde: Da albarushi a aljihunka? Ɗan Lere, ka ji tsoron Allah. Tartsatsi ɗaya ya isa. Ka bar wannan daga yau, ina roƙonka.

Ɗan Lere: Nesa nake ajiye jakar, Baba.

Baban Tilde: Iskar hunturu ba ta san nesa ba.

Na Ruga: Tunda an zo maganar wuta. Irin wannan garwashin ne ake zubarwa a tafi. Makon jiya an cinye mana fadama guda da wuta, ciyawar da muke sa ran za ta kai shanu har bazara. Don gafiya nawa? Ku gaya wa yaranku.

Mai Karnuka: Kullum mafarauci. Su masu ƙona daji don sabon toho ya fito wa shanu fa? Su wa ke gaya musu?

Na Ruga: Wanda ya yi haka shi ma bai kyauta ba. Amma na ga sawun karnuka, Yaya, ba na shanu ba.

Ɗan Lere: Ni dai ina kashe tawa da ƙasa kafin in tashi.

Mai Zaure: Jama'a a yi haƙuri. Maganar ƙona daji mun yi ta a baya, matsayarmu ba ta sauya ba, ba ma yi kuma ba ma goyon bayan mai yi. A koma kan tambayar yaron nan.

Na Minisota: Salam. Na daɗe ban yi magana ba, sai yau na ga abin da na ɗan sani. A nan farkon Nuwamba ake buɗe farautar barewa da bindiga, kuma doka ce ka sa riga da hula masu launin lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli don kada wani ya ɗauke ka dabba. Ana hawa wani ɗan dandamali a jikin bishiya a zauna tun duhu, wani lokaci sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, ruwan gora ya daskare. Abin da ya ba ni mamaki, tsofaffin maharbansu abin da Baba ya faɗa shi suke yi. Ba sa harbi da safa mai kauri. Siririya suke sawa, sannan su ɗaura wata jaka a ƙugu, kamar hannun riga mai baki biyu, cikinta gashi. Hannu biyu na ciki suna ɗumama juna, dabba ta fito ka zaro. Yatsu in suna haɗe sun fi riƙe ɗumi a kan kowanne a gidansa, shi ya sa safar da ba ta da yatsu ta fi mai yatsu ɗumi.

A cikin jakar suna jefa wani ɗan ƙunshi kamar na ganyen shayi. Garin ƙarfe ne da gishiri da gawayi. Da ka yage ledar iska ta shiga, ƙarfen ya fara tsatsa, tsatsar ce ke fid da zafi, ya yi awoyi. Ba wuta, ba hayaƙi. Amma gaskiya sanyin gida bai kai a kashe kuɗi a kansa ba, dankalin Na Gembu zai yi aikin. Jakar ce nake ganin za ta amfane ku.

Bakano: In za ka zo hutu ka taho mana da katan ɗaya mu gani.

Bazazzagi: "Mu gani." Kafin sati ya kai Kwari ya kasa.

Na Agadas: Mu nan rawani ne da shayi. In kai da wuya sun rufu, hannu na cikin riga, shi ke nan. A duwatsun Ayar cikin Janairu wani dare ruwa kan kwana da ƙanƙara a kansa. Ku riƙa shafa man kaɗanya da dare, tsagewar yatsa ta fi sanyin ciwo.

Baban Tilde: Da dare, kamar yadda ya ce. Kada a shafa da asuba, bindiga na sulɓi a hannu.

Baduku: Na Minisota, turo mini hoton jakar nan ta gaba da ta baya. In na gane daidai, tsohon buzu ma zai yi. A juya gashin ciki, a ɗinke kamar bututu, a sa igiya ta zagaya ƙugu. Bakin sai a ɗan tsuke shi don kada iska ta shiga. Aikin yini ɗaya ne.

Na Gembu: In ka ɗinka ina son ɗaya. Ka shafa wa bayan mai saboda raɓa.

Ɗan Lere: Wai a cikinku wa ke da labarin hanyar Saminaka zuwa Pambegua kwanan nan? Ana bi da asuba?

Mai Zaure: Ka kira ni, ba a nan ba.

Na Bukuru: Na gode ƙwarai iyayena. Na yanke tsohuwar safata kamar yadda Baba ya ce. Na kuma raba jarka biyu na ɗaure a hannun babur don ta tare iska, na gwada zuwa Rayfield da safe, akwai bambanci sosai. Kawu ya gani ya yi dariya, amma ya ce in yi wa nasa. Baduku, nawa za ka ɗinka mini, kuma awon me zan turo?

Mai Karnuka: Baba ba ka amsa mini ba. Karyar.

Baban Tilde: Ta rayu, da ƙafa uku. Ba ta sake shiga daji ba, amma in na ɗauki jaka sai ta raka ni har bakin rafi ta zauna. Ta haihu sau biyu bayan nan. Jikarta ce ke bina yanzu, ita ma ja.

Mai Karnuka: In ta haihu a ajiye mini mace.