An gyara hanyar lambun, ni kuwa na daina jin daɗin bin ta

Mai Tattakin Safe:
Jama'a, ina da tambaya. Shekara 11 ke nan ina bin wata hanya a lambun shaƙatawa kowace safiya, tun da likita ya ce in riƙa tattaki saboda hawan jini. Hanyar ƙasa ce mai lanƙwasa, manyan bishiyoyi sun yi mata rumfa, shuke-shuke sun cika gefenta har ba ka jin ƙarar mota. Akwai wata kwana da sai ka sha ta tafkin yake bayyana gabanka kwatsam. Kullum sai na tsaya a nan na huta.

Bara aka rufe wurin wata huɗu. Da aka buɗe, an miƙe hanyar sambal, an shimfiɗa intalok, an share shuke-shuken, an sare bishiya bakwai an dasa 'yan ƙanana da ba su kai kafaɗata ba. Tun daga ƙofa kana hango tafkin. Kowa na yabawa, ni kuwa rana na ɗagowa zafi ya kore ni. Tsufa ne ke damuna, ko ɓarna aka yi?

Ɗalibar Tsara Birane:
Baba, ba tsufa ba ne. Da gangan masana ke lanƙwasa hanyar lambu, domin kada ido ya cinye komai lokaci guda. Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux, da tsarinsu na lambun Central Park a birnin New York ya yi nasara a 1858, har nutsar da tituna huɗu masu ratsa lambun suka yi ƙasa, don mai yawo ya manta yana cikin birni. Kwanar nan da kuke tsayawa, ita ce ran hanyar.

Maman Biyu:
Ku yi haƙuri Baba, amma ni na ga amfanin irin wannan gyara. Mahaifiyata a keken guragu take, hanyar ƙasa kuwa da an yi ruwa ta zama taɓo. Kuma mu mata duhun shuke-shuke tsoro yake ba mu da yamma. Sare bishiyoyin ne kawai ban ga dalilinsa ba.

Tsohon Mai Lambu:
Abin da ke ci mini rai, waɗanda aka bari ma ba su tsira ba. Yawancin saiwar bishiya tana can sama-sama cikin ƙasa, ta bazu har ta wuce inda rassa suka kai. Idan an haƙa kusa da gindi, manyan motoci suka danne ƙasar, aka rufe da siminti, iska da ruwa ba sa shiga. Ba ta mutuwa nan take, sai bayan 'yan shekaru ka ga rassan sama sun fara bushewa. Malam, ku haɗu ku masu zuwa da safe, ku rubuta wa masu kula da wurin su buɗe wa kowace bishiya fili a gindinta, su kuma riƙa ba sababbin bishiyoyin ruwa.

Mai Tattakin Safe:
Maman Biyu, wallahi ban yi tunanin masu keke ba, kin yi gaskiya. Gobe zan ɗaga kai in duba rassan babbar da ke bakin tafkin, don intalok ɗin har gindinta aka kai shi.