Ƙuri'a Ɗaya da Kujerar Na-ƙi: Musayar Baitoci kan Majalisar Ɗinkin Duniya

Dattijon Zazzau:

Assalamu alaikum. Maganar da na kawo a wannan karon ita ce yadda ake kaɗa ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ƙasashe 193 ke zaune a Babban Zaure kowacce da ƙuri'arta ɗaya, alhali hukuncin da ya zama tilas a bi yana hannun Kwamitin Sulhu mai kujeru 15. Na ɗora baitocin a kan amsa-amon "ya", kuma ina roƙon duk wanda zai amsa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ke ba bawa ikon tsarawa,
Na ɗauko batu na tattaunawa,
Kan zauren da ƙasashe ke taruwa,
Majalisar Ɗinkin Duniya.

A 1945 aka kafa ta,
Ƙasashe 51 ne suka fara ta,
Daga Afirka huɗu ne suka shige ta,
Saura ba su da ta cewa a kanta,
Suna ƙarƙashin mallaka da danniya.

Waɗanda suka ci yaƙin duniya suka zauna,
Rabon kujeru da kansu suka auna,
Biyar na dindindin, ga su da suna:
Amurka, Rasha, Faransa da Caina,
Cikon ta biyar ita ce Birtaniya.

Ƙuri'a tara ake so ƙuduri ya wuce,
Amma ko da 14 sun amince,
Idan ɗaya a biyar "na ƙi" ta ce,
Nan take ƙudurin ya lalace,
Sai a naɗe takarda a jefa baya.

Ku ɗauki takunkumin da ke kan Kuba,
Tun 1992 Zaure ke ta duba,
A 2023 da aka sake kai shi gaba,
187 suka ce a ɗage, biyu suka saɓa,
Har yau Amurka na nan kan niyya.

Wannan tsari kashin dankali ne,
Manya a sama, ƙanana a danne,
Wanda ya ce daidai muke a zaune,
Ya gaya mini amfanin ƙuri'ar mene ne,
Ga fili nan, na bar muku tambaya.

Malama daga Damagaram:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ban musa cewa galibin ƙudurorin Babban Zaure ba sa ɗaure kowa ba, amma ban yarda cewa ɗaga hannun da ake yi a cikinsa aikin banza ne ba, kuma ga hujjata.

Baba, zancenka gaskiya ne, da saura,
Ka ba 'yarka izini ta ɗan gyara,
1960, ka tuna da wannan shekara,
Ƙasashen Afirka 16 aka ƙara,
Ciki har da Nijar da Najeriya.

Yawan hannuwan nan ya yi tasiri,
A 1971 aka kawo ƙuduri,
Taiwan ke kan kujerar Caina tun fari,
76 suka ce Beijin ta karɓi wuri,
Amurka na kallo, ba yadda ta iya.

Afirka ta Kudu ta farar fata,
A 1974 aka nemi korarta,
Amurka, Ingila, Faransa suka kare ta,
Su uku suka hau na-ƙi don su cece ta,
Suka tsaya wa mulkin wariya.

Sai Babban Zaure ya ɗauki mataki,
Buteflika na Aljeriya ke jan aiki,
Aka hana wakilanta zama a ɗaki,
Shekara 20 ba ƙuri'a ba baki,
Sai da Mandela ya hau aka shirya.

Dattijon Zazzau:

'Yata, Allah ya yi miki albarka, hujjarki ta zauna. Sai dai ki lura cewa ko a 1971 ba a taɓa kujerun nan biyar ba, mai zama a kan ɗaya daga cikinsu kawai aka sauya. Tun da kuwa daga Nijar kike magana, bari in tuna miki abin da ya faru a Kwamitin Sulhu a watan Disamba na 2021.

A watan nan Nijar ke riƙe da ragama,
Ita da Ayilan suka ga sun sami dama,
Suka ce fari da ke kashe kiwo da noma,
Yana cikin sanadin rikicin da ake fama,
A sa shi cikin aikin tsaron duniya.

Ƙasashe 113 suka sa hannu a kai,
A Kwamiti 12 suka yarda sarai,
Caina ta ƙaurace, ba i ba a'a dai,
Rasha ta ce "na ƙi", shi ke nan kawai,
Ta sami abokiyar ƙi, wato Indiya.

Malama daga Damagaram:

Baba ya taɓa inda ke yi mana ciwo, domin ƙasar da hamada ke ci, wadda kuma ke fama da rikicin yankin Tafkin Cadi, ita ce ta kai maganar sauyin yanayi gaban Kwamitin, a daidai lokacin da wa'adinta na shekara biyu ke gab da cika.

Na yarda, Baba, ranar mun ji zafi,
Hujja na hannunmu, wani ke da ƙarfi,
Wa'adinmu ya cika, muka tashi muka tafi,
Rasha na nan zaune, ba ta jin laifi,
Babu zaɓen da zai sa ta jin kunya.

Amma a 2022 an kafa ƙa'ida,
Lictenstain ta kawo, Zaure ya yarda,
Duk mai hawa na-ƙi, an sa a takarda,
Cikin kwana goma Zaure zai ji shaida,
A ba ta fili ta fuskanci duniya.

Ɗan Zangon Kumasi:

Ina gaida Baba, ina gaida Yaya Malama. Ni daga garin da aka haifi marigayi Kofi Annan nake rubutu, kuma yadda ya hau kujerar Babban Sakatare yana cikin abin da ake tattaunawa, haka nan matsin da ake yi wa ƙasashe masu karɓar tallafi kafin su ɗaga hannu, kamar lokacin da Zaure ya yi tir da matakin Amurka na ɗaukar Ƙudus a matsayin babban birnin Isra'ila.

Butros Gali, Masar ce ƙasarsa,
A 1996 ya nemi zarcewarsa,
Ƙasashe 14 suka tsaya a bayansa,
Amurka ita kaɗai ta ƙi sunansa,
Duk yawansu suka kasa da ɗaya.

Mun yi murna da Annan ya gaje shi,
Ɗan garinmu ne, ba ma ƙin shi,
Faransa ma ta ja kafin ta bar shi,
Sai da biyar ɗin nan duk suka so shi,
Sannan Zaure ya tafa ya yi biyayya.

Kan Ƙudus a 2017 an yi gargaɗi,
Jakadiyar Amurka a fili ta faɗi,
Za a rubuta suna, a kuma duba kuɗi,
Mai karɓar tallafi ba ya zaɓe da daɗi,
Ko da zuciyarsa ta san gaskiya.

Duk da haka 128 suka ƙi tsorata,
Tara ne suka ƙi, har da ita kanta,
35 suka ce ba ruwansu da ita,
Amurka ta kai ofishin jakadancinta
Ƙudus a 2018, ba ja da baya.

Ɗalibi daga Sakkwato:

Ina neman afuwar iyayena da yayyena. Kowa ya ɗora laifi a kan ƙasashen nan biyar, ni kuwa ina ganin muna da namu kason, domin ƙasashen Afirka 54 ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na Zauren, kuma kujeru uku muke riƙewa a Kwamitin Sulhu, amma ba kullum muke sanin nauyin abin da ke hannunmu ba.

A Maris ɗin 2011, da hannunmu,
Goma suka yarda, uku ciki namu,
Gabon, Afirka ta Kudu, Najeriyarmu,
Da sun janye, ina tara za a samu?
Da ƙudurin bai wuce ba kan Libiya.

Jiragen NATO suka zo, gwamnati ta rushe,
Gaddafi a Oktoba aka kama aka kashe,
Rumbunan makamai aka fasa a ƙarshe,
Suka bazu a Sahel cikin ƙasashe,
Mali ta fara biya, mu ma muna biya.

Kan Yukren a 2022 an ga rabuwa,
28 namu suka la'anci mamayewa,
17 suka zaɓi ƙauracewa,
Takwas ba a gan su ba wajen kaɗawa,
Mai goyon Rasha ɗaya, Eritiriya.

A 2005 a Ezulwini Afirka ta daidaita,
Kujeru biyu na dindindin muke bukata,
Da ikon na-ƙi, muddin ana aiki da ita,
Amma sunan masu hawa an kasa furta,
Masar, Afirka ta Kudu ko Najeriya?

Dattijon Zazzau:

Ɗana, ba ka yi rashin kunya ba, ka faɗi abin da manya ke kauce wa ne. Sai dai ko da Tarayyar Afirka ta daidaita a kan sunaye biyu gobe, sashe na 108 na kundin Majalisar yana nan, kuma sau ɗaya tak aka taɓa faɗaɗa Kwamitin, a 1965, daga kujeru 11 zuwa 15, waɗanda aka ƙara ɗin kuwa duk na wa'adi ne.

Kundin ba ya karɓar gyarawa,
Sai da kashi biyu cikin uku na amincewa,
Sannan biyar ɗin nan duk su sa hannu kuwa,
Wanda ake so a rage wa ikon hanawa,
Shi ake roƙo ya ba da hanya.

A Satumbar 2024 Amurka ta yi tayi,
Kujeru biyu ga Afirka, ta ce za a yi,
Amma ban da na-ƙi, nan ta ja layi,
A nawa gani a ƙi, shi ne ra'ayi,
Dindindin ba na-ƙi ai zaman rakiya.

Malama daga Damagaram:

Allah ya huci zuciyar Baba, a kan wannan ma ban bi ka ba. Abin da ya fi hawa kujerar na-ƙi yawan aiki a Kwamitin shi ne riƙe alƙalami, wato ƙasar da ke rubuta daftarin ƙuduri tun kafin sauran su gan shi, kuma masu zaman dindindin ne suka fi riƙe shi.

Baba, a nan 'yarka ta saɓa maka,
Ingila da Faransa, duba ka ga haka,
Tun 1989 ba su hau na-ƙi ba, ba shakka,
Amma su ke rubuta ƙudurorin Afirka,
Faransa na Kwango, Ingila na Somaliya.

Ƙarfinsu zama ne da ba ya ƙarewa,
Mu shekara biyu, muna fara sabawa,
Sai wa'adi ya cika, wani ke shigowa,
Ni na ce a karɓi kujerar da ake bayarwa,
Daga kanta a ci gaba da jayayya.