Abin da aka ce kan zaɓen kofin gahawa mai murfi

To ga dai abin da na tsinta daga hirar da muka yi kan kofin zuba gahawa na tafi-da-gidanka. Kusan kowa bakinsa ya zo ɗaya cewa murfi za ka fara dubawa, don da yawa ana kiransu masu murfi amma fantsala kawai suke tarewa, kana jefa shi a jaka ka hau Keke Napep sai ka tarar takardunka sun jiƙe. Irin na kamfanin KeepCup na riƙewa a hannu ne, in jaka za ka sa shi nemi mai makulli kamar na kamfanin Zojirushi ko Contigo. Wata ta ce tun a shago ka zuba ruwa ka kifa shi ka girgiza, ni ma wannan shawarar ta fi kwanta min.

Sai robar nan ta cikin murfin, a tabbata tana cirewa, in ba haka ba madara ta dinga maƙalewa a lungu, kwana kaɗan sai tsami da baƙi-baƙin nan.

Kofi na ƙarfe mara tsatsa mai bango biyu, wanda aka rubuta 304 ko 18/8 a jikinsa, shi ke riƙe zafi awanni, har wasu na ƙorafin yana ƙona musu harshe, kuma ba a sa shi a maikirowef. Na roba ba nauyi amma yana kama wari, na gilashi ɗanɗano garau sai dai fashewa.

Girma kuwa 350ml ya ishi yawancin mutane, masu mota su gwada gindinsa a mazaunin kofi kafin su biya kuɗi.